Riguna Biyu: Kyautar Kirsimati Ga 'Ya'yan 'Yan'uwanmu

Karatu: 1 Sama'ila 2:18-21, Farawa 37:1-4.

Ga hunturu ya shigo, an yi kaka, Kirsimati kuwa ta matso. A wannan lokaci akwai wata damuwa wadda ta kan hana masu-bi da yawa barci, ko da ya ke ba su cika faɗinta a gaban jama'a ba. Mutum ya kan kwanta ya ƙidaya 'ya'yan wansa, da na ƙanensa, da na 'yan'uwansa mata, ya ga sun kai 15 ko 20, tun daga na goye har wanda gemu ya fara tsiro masa. Ya juya ya ƙidaya abin da ke cikin aljihunsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya cikin 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka hau. Daga nan sai ya ce a ransa, "Bana kam ba zan je gida ba." Babu faɗa tsakaninsa da kowa. Kunyar shiga gida hannu rabbana ce kaɗai ta tsare shi, yara kuwa za su yi ta duban hanya har rana ta faɗi.

A bakinmu ba mu da wani suna dabam domin ɗan ɗan'uwa. Sai dai mu ce ɗana, ko 'yata. Yaron ne ya ke da sunaye dominmu: baffa, kawu, gwaggo, inna. Littafi Mai-tsarki ma bai raina wannan dangantaka ba. Lutu ɗan Haran ne, ɗan'uwan Ibrahim, amma sa'anda sarakuna suka kwashe shi a yaƙi, Ibrahim ya tashi da mutum 318 na gidansa ya bi sawunsu har ya ƙwato shi (Farawa 14). Sa'anda Ataliya ta tashi za ta ƙare dukan zuriyar sarauta, gwaggon Yowash ce, Yehosheba, ta sace jinjirin, aka ɓoye shi shekara 6 a Haikalin Ubangiji (2 Sarakuna 11). Saboda haka ba sai mun tsaya muna tambaya ko yaran nan suna da hakki a kanmu ba. Suna da shi. Abin tambaya shi ne yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sauke shi.

Bari mu duba riga ta fari. Hannatu ta roƙi ɗa a wurin Allah da hawaye, aka ba ta Sama'ila, da ta yaye shi kuma ta kai shi Shilo ta bar shi a hannun Eli firist, bisa ga wa'adin da ta yi. Daga nan sau ɗaya a shekara ta kan hau tare da mijinta Elkana domin miƙa hadaya, ta kan kuwa tafi da 'yar riga wadda ta ɗinka wa yaron. Ba a gaya mana cewa rigar tana da tsada ba, ko tana da ado. An dai ce ƙarama ce, an kuma ce kowace shekara ne. Amma ku mata masu ɗinki, ku yi tunani. Ta yaya mace za ta yanka rigar yaron da ta yi wata 12 ba ta gani ba? Lallai sai ta riƙa tuna inda kansa ya kai a jikinta bara, ta dubi tsararrakinsa a gari ta ga yadda suka miƙe, ta ƙara taki ɗaya a tsawo, ta saki hannun kaɗan. Kowane ɗinki da ta yi, tunanin yaron ne. Sa'anda Sama'ila ya sa rigar ta zauna masa daidai, ya san cewa ko da ya ke uwarsa tana nesa, ba ta daina auna shi a zuciyarta ba.

Wannan awo shi ne ya fi ƙaranci a cikin kyautanmu na yau, ya fi kuɗi ƙaranci. Mutum ya kan shiga kasuwa ranar 24 ga Disamba da yamma, ya kwashi abu iri ɗaya guda 12, ya raba wa mai shekara 3 da mai shekara 16. Babban ya karɓa da hannu biyu ya ce na gode, gama yana da tarbiyya, amma ya gane cewa kawunsa bai san ya girma ba. Tun watan Nuwamba ya kamata ka zauna ka rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa. In ka manta, tambayi uwarsa; babu abin kunya a ciki, ita ce kuwa ta san takalmin wa ya tsinke, wa kuma ya ke zuwa makaranta da littattafai a cikin leda.

Jinjiri bai san Kirsimati ba, kyautarsa ta uwarsa ce. Hula da safa domin sanyin Jos ko na Pankshin, man kaɗanya domin kada hunturu ya farfasa masa fata, sabulu, ko gidan sauro in babu. Kada ka raina gidan sauro, gama yawancin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke kashewa a Afirka yara ne da ba su kai shekara 5 ba. 'Yan shekara 2 zuwa 4 kuwa ba su da wuyar faranta wa rai, sai dai a kula, domin kome suka samu baki su ke kai shi. Duwatsun wuya, da kwabbai, da balan-balan, da abin wasa mai ƙananan batura, duk suna iya shaƙe yaro ko su cuce shi a ciki. Kofi da 'yar tasa waɗanda za a ce nasa ne shi kaɗai sun ishe shi murna.

A kan 'yan firamare ne na ke so in daɗe kaɗan, domin a nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Motar roba mai kuka da walƙiya ta kan mutu kafin Sabuwar Shekara, yaron ya yi kuka, a share ta a zubar a juji. Makaranta kuwa za ta buɗe cikin Janairu, lokacin da aljihun ubansa ya bushe ƙaf. Littafin rubutu, fensir, biro, jaka, takalmi: wanda ya kawo waɗannan ya yi kyauta biyu, ɗaya ga yaro, ɗaya ga ubansa. In yara maza sun yi yawa a gida ɗaya, ƙwallo ɗaya mai kyau ta fi ƙananan tarkace shida, za ta kuma koya musu haƙuri da juna. Amma in gidan na ƙauye ne, ko akwai ɗan fili a bayan ɗaki, ban ga abin da ya kai kyautar kakanninmu ba, wato sagara. Ka kama ta, ka sa a hannun yarinya, ka ce, "Taki ce." Za ta koyi tashi da sassafe ta ba ta tsaba da ruwa. Kaza ta yi ƙwai, ta kwanta kwana 21, ga 'yan tsaki. Za ta koyi tsare su daga shirwa, za ta ɗanɗana baƙin cikin rashi in ɗaya ya mutu, za ta kuma sami abin da za ta fitar da zakka daga ciki da hannunta. In Allah ya sa albarka, kaji su zama akuya. Haka kuma dashen mangwaro ko na gwaiba da za a kira da sunan yaro.

Abu biyu na roƙe ku kada ku saya ko da araha ne: bindigar wasa, da abin fashewa mai tartsatsin wuta da yara ke jefawa lokacin biki. Na biyun ya kan ƙone yatsu, ya ɓata ido, ya kama jinka, ga iskar hunturu. Na farin kuwa, a ƙasar da yaranmu suka ji ƙarar ta gaske da kunnuwansu, ba na tsammani ya dace a tuna da haihuwar Sarkin salama da ita.

Samari da 'yan mata su ne suka fi wuya, gama idonsu yana kan waya, kai kuwa ba ka da kuɗinta. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka cika ba. Ka tambaya ina suka nufa. Mai koyon ɗinki, almakashi mai kyau zai yi mata shekaru. Mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, fitila mai aiki da hasken rana za ta ba shi karatun dare, ko ka zuba abin da ka iya a kan kuɗin jarrabawar. Wanda ya ke Boys' Brigade ko Girls' Brigade, watakila wani abu cikin kayan sawarsa ya ke nema. Mai son karatu, a ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ka kuma bincika ko yana da Littafi Mai-tsarki nasa na kansa. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, amma har yanzu akwai yaran da suka yi baftisma suna leƙen na maƙwabci a cikin sujada. In ka saya, rubuta sunansa da naka da kwanan wata a shafin fari.

Yanzu ga riga ta biyu. Yakubu ya ƙaunaci Yusufu fiye da sauran 'ya'yansa, ya kuwa yi masa riga ta musamman wadda babu mai irinta a gidan. Wannan riga ta fi ta Sama'ila tsada nesa ba kusa ba. Me ta haifa? 'Yan'uwansa suka kasa ko yi masa magana ta salama. Yana da shekara 17 suka tuɓe masa ita, suka sayar da shi azurfa 20, suka tsoma rigar cikin jinin bunsuru suka aika wa tsohon. Abin mamaki, Yakubu da kansa a gidan son kai ya tashi, inda Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu kuwa ta fi son shi. Ya ga ƙarshen abin, duk da haka ya maimaita.

Kowane kawu yana da ɗan lelensa, kowace gwaggo tana da takwararta ko 'yar ɗakinta. Ba za a hana zuciya karkata ba, amma a hana hannu. Kyautai ba lallai su zama iri ɗaya ba, tun da shekaru sun bambanta, sai dai kada wani yaro ya duba ya ga an auna shi da ƙaramin mudu. Yara sun fi alƙali iya lissafin wannan. Ka kula ƙwarai da waɗanda ba su cikin lissafin kowa: agola wanda matar wanka ta zo da shi, da 'yar riƙo mai wanke-wanke sa'anda a ke rabo, da maraya. Marayu kuwa sun yi yawa a cikinmu. A jajiberen Kirsimati na 2023 kaɗai an kashe mutane fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, 'ya'yan irin waɗannan kuma a gidajen baffanni da kawunai su ke zaune. Yaron da ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo a na kiran sunayen wasu, zai tsufa bai manta da ranar ba. In kuɗinka bai kai kowa ba, rage girman na kowa, kada ka rage yawan sunaye.

Kai kuma wanda Allah ya buɗa wa a birni, ka yi hankali kada kyautarka ta ƙasƙantar da ɗan'uwanka a idon 'ya'yansa. In ka san bai iya ɗinka musu kayan biki ba, aika masa da yadin a ɓoye tun da wuri, yara su karɓa daga hannun ubansu. Ubangiji ya riga ya koya mana yadda hannun hagu zai jahilci aikin na dama (Matta 6:3).

Wani zai ce, "Ai masanan nan na gabas zinariya suka kawo, da lubban, da mur." Gaskiya ne. Amma ga Almasihu suka miƙa, ba ga junansu ba, daga cikin taskarsu kuma suka fitar, ba rance suka ci ba. Ka duba iyayen Yesu sa'anda suka kai shi Haikali kwana 40 bayan haihuwa: tsuntsaye biyu ne hadayarsu (Luka 2:24), abin da Shari'a ta yarda wa macen da ba ta da halin ɗan rago (Littafin Firistoci 12:8). Ba su ci bashin rago domin a gan su ba. A na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma bashin magani dabam, bashin a-yaba-mini dabam. Ku tuna da gwauruwar nan ta zamanin Elisha, wadda mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi (2 Sarakuna 4). Yau ma akwai masu ba da rance ta waya cikin minti kaɗan, da ruwa mai nauyi, in ka makara kuma waɗansunsu su kan aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci. Wanda ya ke so ya yi kyauta mai auki baɗi, ya shiga adashi tun Fabrairu, ko 'yan'uwa uku su haɗa hannu su sayi abu ɗaya mai amfani ga kowane gida. Manzo Bulus ya nuna wa Korantiyawa cewa Allah yana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum ya ke da shi (2 Korantiyawa 8:12).

Saura kai da ba ka da kome sai kuɗin mota. Tashi ka tafi. Ka sayi rake sanda biyu ko lemo a tasha, ka yanka da hannunka ka ba kowa. Ka zauna da ƙanana ka ƙera musu motar kara, da dare a bakin wuta ka yi musu tatsuniya, ka ba su labarin kakansu wanda ba su tarar ba, da yadda bishara ta fara shiga garinku. Ka ja babban gefe ka tambaye shi abin da ke damunsa, gama akwai maganar da saurayi ba zai faɗa wa ubansa ba amma zai faɗa wa kawunsa. Kafin ka kama hanya, tara su, ka karanta musu Luka sura 2, sa'an nan ka ɗora hannu a kan kowane ɗaya ka yi masa addu'a da sunansa, ka fara da wanda ya ke tsaye a bakin ƙofa.