Yadda Lambar Bashi ke Komawa Ɗaya

Akwai wani abu a ilimin lissafi da ke sa mai hankali tasbihi. Ɗauki duk lambar da ke ƙasa da sifili, −5 ce ko −1000, ka ɗora mata sifili a kafaɗa a matsayin ƙarfinta. Amsa ɗaya ce tak: (−5)⁰ = 1. Alamar ragi ta tafi, girman lambar ma ya bi ta. Subhanallah!

Ɗalibi mai kaifin basira yakan ce, "Malam, ai sifili babu ce, daga ina ɗaya ta fito?" Yana da gaskiyar tambaya, kuma amsar na hannunsa in ya sauko a hankali. (−2)³, wato −2 sau −2 sau −2, ya ba da −8. (−2)² ya ba da 4. (−2)¹ kuwa −2 ce da kanta. Duk matakin da aka sauko, rabawa aka yi da −2. Saura mataki guda: a raba −2 da −2, sai ga 1. Dubi alamomin ma yadda suke karɓa-karɓa, ragi, ƙari, ragi, sannan ƙari, don sifili cika ce, ba mara ba. Wannan ne ya fi ratsa ni. Babu malamin da ya zauna ya yanke hukuncin. Tsarin da Allah ya shimfiɗa ne ya kai mu nan, ko mun so ko mun ƙi.

Ɗan Adam dai ya daɗe kafin ya gano. A shekarar 628 Brahmagupta na Indiya ya rubuta ƙa'idojin sifili, yana kiran lambobin ƙasa da ita bashi, na sama kuma dukiya. A ƙarni na 12 Samau'al al-Magribi, wanda ya tashi a Bagadaza, ya jera matakan ƙarfi a littafinsa Al-Bahir, ya sa ɗaya a matakin sifili. Sai a 1484 Nicolas Chuquet na Faransa ya rubuta sifili a matsayin ƙarfi.

Amma a kula da baka biyun da ke cikin (−5)⁰. In aka cire su aka rubuta −5⁰, biyar kaɗai ƙarfin ya hau, ragin na jira a waje, amsa ta zama −1. Ita kuwa sifili mai ƙarfin sifili, wato 0⁰, matakalarmu ba ta kaiwa gare ta, domin ba a rabawa da sifili. Masana aljabara sukan ɗauke ta 1, wasu fannonin kuma su bar ta ba amsa.