Idan Gilashi Ya Fashe a Gareji, Wa Zai Biya?

A hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, har yau akan ci karo da motocin da a Turai sai a hannun masu sha'awar kayan da. Peugeot 504 ce kan gaba, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa ta a 1975. Bature kan farfaɗo da ita don marmari. Mutumin Kiru ko Bebeji kuwa yana tayar da ita ne don ta ɗauki masara da fasinja, ko don ta mahaifinsa ce ba ya son ta ruɓe a ƙofar gida. Ko ma mene ne dalilin, bayan an gama da inji da fenti sai an zo kan ƙofofi, kuma nan ne wata tsohuwar gardama kan tashi. Mai mota ya sayo gilashi daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya bar wa mai gyara ya tafi, ya dawo ya tarar da shi a farfashe. Mai gyara ya ce tsautsayi ne, mai mota ya ce a biya shi. A ganina hukuncin Malikiyya da ya ɗora ramuwa a kan mai sana'a shi ne daidai, kuma ƙofar mota ta fi yawancin abubuwa nuna dalilinsa.

Sai an ga yadda ake aikin kafin a gane maganar. Ana cire hannun ɗaga gilashi da murfin cikin ƙofa, a ɓanɓare ledar da ke tare ruwa, sai ƙarfen ƙofar ya bayyana da 'yan ramuka waɗanda hannu ke shiga da ƙyar. Ta saman ƙofa ake zura gilashin a karkace, a lallaɓa shi ya shiga hanyoyinsa biyu masu roba, sannan a zaunar da gindinsa a kan injin da ke ɗaga shi, a ɗaure noti da lalube. Gilashin ƙofa ba irin na gaban mota ba ne mai leda a tsakiya. Gasa shi aka yi aka sanyaya da sauri, don haka fuskarsa na jure duka, amma gefensa ba ya son ƙarfe. Noti ɗaya ya wuce kima, ko bakin sukudireba ya ƙwarzane gefen, sai ya tarwatse gaba ɗaya kamar an watsa tsakin masara. Ba a yanka shi, ba a kankare shi don ya shiga. Da an mayar da murfi kuwa, duk abin da aka yi a ciki ya ɓuya, na kirki da na ha'inci.

A ƙa'idar fiƙihu, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai ya yi sakaci ko ta'adi. Imam Malik ya ware masu sana'a daga wannan. Wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, shi ke da lamunin abin da aka bar masa ya yi aiki a kai a bayan idon mai shi, ko da lada ko kyauta, sai fa in ya kawo shaidu cewa abin ya halaka ba da hannunsa ba. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan ƙasar Kano, Mukhtasar na Khalil kuma ya fayyace sharuɗɗansa. Sauran mazhabobi ba su taru a kai ba: ra'ayin da ya fi ƙarfi a wajen Shafi'iyya shi ne babu ramuwa sai da sakaci, Abu Hanifa ma da manyan almajiransa biyu sun saɓa. Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya kawo mas'alar a matsayin misalin hukuncin da aka gina kan maslahar jama'a. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, ba sa iya tsayawa a kansu, in kuwa za a karɓi maganar mai sana'a duk lokacin da ya ce abu ya lalace, to dukiya za ta salwanta, ko kuma mutane su daina ba da aiki.

Wannan hujja ta fi ƙarfi yau fiye da zamanin da aka faɗe ta. Mai riga yana iya juya ɗinki ya duba, amma mai mota ba ya iya juya ƙofa. Abin ya ƙara tsanani da gilashi mai maɓalli, wanda aka fi samu a motocin da suka biyo bayan 504, wasu kuma kan nemi a sa musu a tsohuwa don ƙawa. Yanzu a cikin ƙofar akwai ƙaramin inji na lantarki, da igiyar ƙarfe ko haƙora, da wayoyi da suka ratsa ta wata roba tsakanin ƙofa da jikin mota, da fiyus a wani wuri dabam. Gilashi ya ƙi tashi: maɓalli ne ya ci ƙura, ko waya ce ta karye a maganaɗa, ko injin ne ya ƙone? Mai gyara kaɗai ya sani. Yana iya cire inji mai lafiya ya sa na gwanjo, yana iya naɗa zaren waya a madadin fiyus, yana iya jefar da ledar nan ruwan damina ya riƙa jiƙa wayoyin. Ba cewa nake yawancinsu haka suke ba. Maganar ita ce idan mutum biyu suka yi jayayya kan abin da ɗaya ne kawai ya gani, adalci ya ɗora nauyin hujja a kan wanda ya gani. A ce manomin da ya bar motarsa ya koma gona a Riruwai shi zai kawo shaidar sakaci, an ɗora masa abin da ba shi da hanyar yi.

Za a ce ina aka bar ƙaddara, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, sai dai an haɗa tambaya biyu a wuri ɗaya. Imani da ƙaddara yana faɗa wa mutum yadda zai ɗauki asara a zuciyarsa, bai faɗi aljihun wa za ta faɗa ba. Shari'ar da ta koyar da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kisan kuskure, inda babu niyya sam. Ramuwa ba tuhuma ba ce, kuma biyan gilashi bai mai da kowa maha'inci ba. Abin lura ma, a bakin gareji wanda bai yi asara ba shi ya fi saurin ambaton ƙaddara. Yafiya alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce, ba a karɓe ta da wa'azi.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na gilashin kansa. Na mota mai shekara arba'in yakan zo ne daga wata matacciyar mota, gefensa da tabon da ido ba ya gani, ƙofar ma ta sha bugu a hannun mai gyaran jiki har hanyoyinta sun karkace. Gwani na iya yin komai daidai ya fashe masa. A ce talakan da kuɗin aikinsa bai kai na gilashin ba shi zai biya, ashe an zalunce shi, kuma gobe ba wanda zai taɓa tsohuwar mota. Malaman Malikiyya ba su rufe ido ga wannan ba. Sun ware ayyukan da haɗari ke cikin asalinsu, irin su huda lu'ulu'u da zanen dutsen zobe da gasa burodi a tanda, suka ce a nan ba a biya sai an tabbatar mai aikin ya kauce wa yadda ake yi. Ina ganin zura tsohon gilashi a lanƙwasasshiyar ƙofa ya shiga wannan babi. Haka idan an yi aikin a gaban mai mota ko a gidansa, lamuni ya faɗi, tunda ɓoyuwar da ta jawo shi babu ita. Amma rangwamen yana da iyaka. Ya shafi fashewa a lokacin sawa, bai shafi gilashin da aka jingine a bango har akuya ta ture ba, balle injin da ya ɓata a gareji.

Sauran rassan hukuncin ma sun san rayuwar gareji. Idan yaron shago ne ya fasa, ba shi mai mota zai kama ba, maigidansa ne ya karɓi aikin. Ƙimar da za a biya ita ce ta ranar da aka miƙa kayan, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da farashin kayan gyara ke tashi tsakanin kasuwa da kasuwa. Sharaɗin da mai sana'a zai gindaya cewa ba ruwansa da abin da ya lalace kuwa, a mashahurin zancen mazhaba ba ya amfanarsa, domin da an yarda da shi kowa sai ya rubuta a bango, hukuncin ya zama ba shi da aiki.

Inda mas'alar ta fi wuya shi ne gilashin da ya fita gareji lafiya, ya tarwatse bayan kwana uku a gargadar hanya. Gilashin da aka ƙwarzane gefensa ko aka matse da noti yakan yi haka, wanda tsakuwa ta buga ma yakan yi. Motar ta koma hannun mai ita, don haka lamunin ɓoyuwa ya ƙare, nauyin hujja ya juyo kansa. Abin da ya rage wa alƙali a Tudun Wada ko shugaban 'yan gareji shi ne a kira wani masanin sana'ar, a cire murfin a gaban kowa, a duba ko an sa roba tsakanin gilashi da ƙarfe, ko hanyoyin sun miƙe, ko notin ya ci wurinsa fiye da kima.