Mai Farfaɗiya da Kwalekwale a Tafkin Bakolori

Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ruwa ya kwanta a inda dā gonakin mutanen Maradun suke, wata mas'ala ta taso wadda ta cancanci nazarin malamai: mutumin da ke fama da farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko hajijiya, idan ya yi nufin shiga kwalekwale domin shan iska kurum, shin hukuma tana da haƙƙin tsayar da shi a bakin gaɓa, alhali kuwa baligi ne mai hankali, kuma jirgin nasa ne?

Fuƙaha'unmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a rufe ba, domin Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya daidaita tafiyar teku da ta tudu ga mai niyyar Hajji, sai fa idan halaka ta rinjayi zato, ko kuwa jirin ruwa zai sa mutum ya tozarta rukunin salla. To, idan raunin jiki ya isa uzuri a kan farilla irin Hajji, ina ga yawon nishaɗi? Mai cewa "raina ne, ajali kuma ba ya wuce ranarsa" ya manta cewa rai amana ce aka ba shi riƙo, kuma ranar da ya kife, masuntan da za su yi nutso nemansa suna da iyali.

Sai dai ban goyi bayan a ɗora wa kowane matuƙi neman takardar likita daga Gusau ba, musamman masunci wanda kalwar miyarsa daga ruwan take fitowa. Mutanen wannan yanki, waɗanda 'yan sanda suka buɗe wa wuta cikin 1980 a kan diyyar gonakinsu, suna da hujjar ɗari-ɗari da dokar da aka aiko daga nesa. A ganina, hukumar hanyoyin ruwa da ke Lakwaja ta tsananta a kan mai ɗaukar fasinja, ta wajabta rigar ceto, domin rayukan wasu ke hannunsa. Amma mai fita shi kaɗai, a bar al'amarinsa ga Sarkin Ruwa da dattawan mashigi, waɗanda suka san wanda ciwonsa ke tashi, suka kuma san yadda ake haɗa shi da abokin tuƙi ba tare da an kunyata shi ba.