Wa Ya Fi Laifi a Fadar Sarki Abdurrahman?

Tun 1937 da littafin farko na Magana Jari Ce ya fito daga Zariya, yaran ƙasar Hausa suke tashi da ƙin mutum guda, wato Wazirin Sarki Abdurrahman. Duk wanda ya yi firamare a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe, aka karanta masa labarin aku mai magana, ya san yadda gaban ɗalibai ke faɗuwa idan Musa ɗan Sarki ya yi ɗamara zai fita da dare. Amma yanzu akwai wata magana da ke yawo a majalisun samari: wai an zalunci Waziri, don kowa a labarin yana da nasa laifin. Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin nan ne ya sa ta zama abin tsoro.

A fara da Sarki. Sarkin Sinari ya aiko da neman a haɗa 'yarsa da Musa aure. Ko da Abdurrahman ba ya so, da ya sallami manzo cikin mutunci da ba a zub da jinin kowa ba. Sai ya fusata, ya wulaƙanta baƙo a gaban fadawa. Yaƙin da ya biyo baya daga bakinsa ya fito, kuma talakawan da suka mutu a fagen daga ba su ci ba, ba su sha ba. Wannan laifi ne babba, marubucin littafin, Alhaji Abubakar Imam, kuwa bai ɓoye shi ba.

Musa ma ba tsarkakakke ba ne. Uba ya ce zauna, shi kuma kullum dare sai ya nemi hanyar bin runduna fagen yaƙi. Macen akun da ta faɗa masa gaskiya kai tsaye, ransa ya ɓaci ya hallaka ta. Da namijin bai koma ga dabarar jan labari har gari ya waye ba, da yaron ya kai kansa mahallaka da ƙafarsa. Sarkin Sinari kuwa abokin gaba ne, ya zo da rundunarsa da tambura a fili, kowa na gani.

To me ya ware Waziri daga cikinsu? Su ukun nan kowa ya aikata abin da ya aikata da fuskarsa ta ainihi. Waziri shi ne kullum yake faɗuwa ya yi gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, alhali ya riga ya aika wa maƙiya asirin ƙasa. Da Sarki zai fita yaƙi, a hannunsa ya bar gari. Yardar da aka ba shi ita ce makaminsa, ba don ita ba da bai isa ya kusanci Musa ba. Fushi yakan zo wa mutum ba shiri, ƙuruciya kuma shekaru ke maganinta. Cin amana sai an kwana an tashi da shi, an yi murmushi an saƙa shi a zuci. Shi ya sa malamanmu ke lissafa shi cikin alamomin munafuki guda uku, tare da ƙarya da saɓa alkawari.

Masu kare shi suna cewa ai yana da hujja: shekara da shekaru Sarki ba shi da ɗa namiji, Waziri ya sa rai da gadon sarauta, rana ɗaya haihuwar Musa ta rushe masa buri. Na yarda akwai zafi a nan. Amma zafin rai ba ya halatta sayar da wanda ya ba ka ajiya. Tarihin yankinmu ma ya nuna bambancin. Malam Abdussalami na Gimbana almajirin Shehu Usmanu ne na kusa, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka kawo hijira ta 1804. A 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello daga Kware, abin ya kai ga yaƙi, ya rasu a 1818. Ko wane hukunci mutum ya yanke a kan wannan al'amari mai ciwo, Abdussalami ya rubuta kokensa ya aika, Bello ya ba shi amsa, har ya tattara abin da ya gudana tsakaninsu a littafin Sardul Kalami. Don haka masu tarihi suna da abin aunawa daga ɓangare biyu. Waziri na Magana Jari Ce bai taɓa buɗe baki ya ce wa ubangidansa ga abin da ke damuna ba. Ya zaɓi ya riƙe muƙami da alfarmarsa, ya kuma haƙa rami a ƙarƙashin wanda ya ba shi su.

Abin da ya dame ni shi ne wannan uzuri bai tsaya a kan labari ba. Manomi a Kebbe ya ba makiyayi shanu biyu kiwo, kaka ta yi aka ce ɗaya ta mutu, ba fata ba ƙaho, sai ka ji ana cewa ai shi ma mai shanun bai kyauta masa ba bara. Uwar adashe ta tara kuɗin mata, ranar kwasa ta rufe ƙofa ta kashe waya, sai wata ta ce ai ita ma bashi ya yi mata katutu. Ɗan uwa ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, yana turo kuɗin gini wata-wata, ya dawo ya tarar da fili fetal, ko bulo ɗaya babu, dangi kuma su taru su ce a rufa asiri tunda shi ma yana da zafin kai. A kowane ɗaya an ɗauko ƙaramin laifin wanda aka cuta an lulluɓe babban laifin wanda ya cuta. Illar kuma ba ta tsayawa kan mutum biyu. Gobe ba mai ba da kiwo, ba mai shiga adashe, ɗan ci-rani sai ya ɗinke kuɗinsa a lalita, talakan da da aro da ajiya yake rayuwa shi ke kwana a ciki.

Adalci shi ne a faɗa wa kowa nasa, ba a raba laifi daidai wa daida ba. Mai fushi a ce masa ya yi kuskure, mai gaggawa a ja masa kunne. Wanda aka damƙa wa abu ya ci, a kira abin da ya yi da sunansa, ko da ɗan ɗakinmu ne.

Ina roƙon malaman Hausa na makarantun Tambuwal da Kebbe, idan kun zo wannan labari a aji, ku bar yara su yi gardamar, su tuhumi Sarki, su tuhumi Musa. Amma kada a tashi sai kun tambaye su: a hannun wa aka bar gari?