Farashi da Daraja: Tunani a Kan Jirgin Saman Masu Hali

Yawancinmu a tashar mota muke cinikin kuɗin tafiya. Duk da haka, ya kamata mu leƙa kasuwar da attajirai ke cinikin jiragen sama na ƙashin kansu, gama tambayar da ke gabansu tana gabanmu mu ma.

Mai neman irin wannan jirgi yana da hanyoyi huɗu. Yana iya sayen jirgin ɗungurungum, ya ɗauki nauyin matuƙa da gyara. Yana iya sayen kaso a cikinsa, tsarin da kamfanin NetJets na Amurka ya fara a 1986, inda kashi 1 cikin 16 kan ba mutum kimanin sa'o'i 50 a shekara, ban da kuɗin kula na wata-wata. Yana iya biyan kuɗin sa'o'i 25 tun gaba, ko kuwa ya ɗauki shata duk lokacin da tafiya ta kama. Mai hankali yakan auna duka, har da kuɗin dawowar jirgin babu fasinja.

Wannan awo yana gaya masa wanda ya fi araha. Amma abin da yake saye a gaskiya shi ne lokaci, darajar lokaci kuwa tana cikin abin da aka yi da shi. Attajirin nan Warren Buffett ya laƙaba wa jirgin kamfaninsa suna mai ma'anar abin da babu hujjar kare shi. A 1998 kuma kamfanin nasa ya sayi NetJets ɗin baki ɗaya. Haka zuciya take: abin da lamiri ya tuhuma jiya, sabo yakan mai da shi wajibi yau.

Jirgin kansa ba zunubi ba ne. Tun 1957 likitocin AMREF suke kai magani ƙauyukan Gabashin Afirka da ƙananan jirage, inda sa'a ɗaya takan raba rai da mutuwa. Paparoma ma ba shi da jirgin kansa. Shata ake ɗaukar masa idan zai ziyarci Ikkilisiyoyin nesa.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a rasit. Jirgin da ya ɗauki mutum uku yana zuba hayaƙi cikin iskar da kowa ke shaƙa, matalauta kuwa su ne farkon shan wahalar fari da ambaliya, kamar yadda Paparoma Francis ya tunatar da mu a wasiƙarsa ta 2015. Idan kuma daga baikon talakawa ko baitulmalin jama'a aka biya, wanda ya biya yana ƙasa yana jiran mota.

Saboda haka, ko babur za mu saya ko biki za mu yi, bayan mun tambayi nawa ne, mu ƙara tambayoyi biyu: wa zai amfana, wa kuma zai biya abin da ba mu biya ba? Ubangiji ya ba mu hikimar amsawa da gaskiya. Amin.