Tsakanin Maharbi da Mai Sayen Nama

A wata ziyara da muka kai Betso, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, wani dattijon maharbi ya karrama mu da zabin daji biyu da ya harbo da asuba. Abokin tafiyata ya kau da kai, ya ce shi ba ya cin abin da aka raba da ransa yana tsakiyar kiwo. Da maraice muka isa Mubi, sai ga shi a gaban mai tsire yana neman a ƙara masa yaji. Tun ranar nake tambayar kaina: wane ne a cikinsu hannunsa ya fi tsarki?

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saniyar da ta zama tsire ita ma da ranta aka kawo ta kasuwar shanu ta Mubi, wataƙila daga Chadi ko Kamaru. 'Yan'uwanta kuwa cunkusa su ake yi a tirela, su kwana su wuni cikin ƙishirwa kafin su kai Legas ko Fatakwal. Mai saye bai ga wannan ba, don haka bai dame shi ba. Alhali kuwa kuɗinsa ne ya wasa wuƙar mahauci. Wakilci kurum ya bayar, wakilci kuma ba ya ɗauke alhaki. Maharbi shi ya dubi dabbar ido da ido, ya ambaci sunan Allah kafin ya saki kibiya, kamar yadda malaman fiƙihu suka sharɗanta. Ya san cewa rai ne farashin nama.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makiyayi yana mayar da gurbin abin da aka yanka, domin garke yana haihuwa a hannunsa. Maharbi kuwa girbi yake yi inda bai shuka ba. Wanda ya cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, ko ya harbe gada mai ciki, ya ci rabon jikokinsa. Irin wannan ɓarna na cikin dalilan keɓe wurare kamar Gandun Dajin Gashaka-Gumti a 1991. Gaskiya ne maharba sun taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, sai dai jarumtaka ba ta halatta ƙarar da namun daji.

A ganina, ma'aunin shi ne sanin haƙƙin dabba. Maharbin da ya ɗauki gwargwadon tukunyarsa, ya ƙyale mai ciki da mai shayarwa, ya fi mai sayen da bai taɓa tambayar yadda aka yi da dabbar ba. Mai sayen da ya tambaya, bai kuma zubar da saura ba, ya fi mai ƙunar daji. Ni dai na ci zabin dattijon nan, na kuma yi masa godiya.