Farin Zare a Kan Shuni

A wani lungu kusa da Ƙofar Mata a Kano, akwai wani tsohon tela da ɗan ƙanwarsa ke koyon aiki a wajensa. Yaron akwai saurin hannu, sai dai idonsa na son kwalliya. In ka ba shi wuyan riga, sai ya zuba ja, ya bi da ruwan ɗorawa, ya ƙara kore, har mai kallo ya rasa inda zai sauke ido.

Wata rana wani dattijo ya ba da farin yadi a rina masa, a ɗinka masa babbar riga. Tsoho ya aiki yaron marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Yaro ya tsuguna a bakin rami yana kallo. Baba da toka sun kwana da kwanaki a ruwa har sun nuna. Marini ya tsoma yadin, ya fito da shi da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake shanyawa, sau da yawa, har shunin ya yi duhu. Daga nan masu bugu suka ɗora shi a kan gungume suka yi ta duka har ya ɗauki sheƙi.

Duk da haka, a hanyar dawowa yaro ya biya Kantin Kwari ya sayo zare kala biyar.

Tsoho bai yi faɗa ba. Ya yanko masa ƙyalle daga gefen yadin, ya ce ya gwada. Da yaron ya gama, sai tsoho ya rataye ƙyallen a ƙofar shago.

"Tsallaka titi, ka gaya mini abin da kake gani."

"Kawu, zare nake gani, ya yi kyau!"

"To ina wahalar marini? Ina ta masu bugu?"

Yaro ya yi shiru. Shunin da ya ga an sha wuya a kansa ya ɓace a ƙarƙashin adonsa.

Tsoho ya miƙa masa farin zare kaɗai, ya ce ya fitar da adon aska biyu a ƙirjin rigar. A nan ne asirin yaro ya tonu. Da can launuka ke rufa masa kuskure. Yanzu fari a kan shuni, duk inda allura ta karkace, daga nesa ake hangowa. Ya warware ya sake, ya kuma warwarewa. Hannun nan mai sauri dole ya koyi natsuwa.

Ranar da dattijo ya zo karɓa, ya shafa rigar, ya daɗe yana duban ƙirjinta a hasken rana. Sannan ya tambayi tsoho wanda ya yi aikin.

Tsoho ya nuna yaron da haɓa. Shi kuwa yana can ƙurya, ya sunkuya a kan wani sabon ƙyalle da farin zare a allura.